Abiti Makwinja, Mai Karɓar Maganar Kawunnai

Idan aka idar da sallar asuba a Litumbe, Abiti Makwinja ba ta komawa barci. Takan ɗaura zane ɗaya a ƙugu, ta yafa ɗaya a kafaɗa, ta ɗauki bokitin da ba ta da niyyar cikawa, ta gangara famfo. Akwai wani kututturen mangwaro a gefen famfon, kowa ya san nata ne. Nan take zama ta miƙe ƙafar hagu, wadda gwiwarta ta daɗe da yi mata tawaye, ta yi ta ɓarar gyaɗa kamar ba ruwanta da kowa.

Matan da ke layi sun san abin da ya kawo ta. Kallo take yi. Tana duban yadda mace ke sunkuyawa, da yadda take ɗora bokiti a ka, da wadda ta fara juya baya tana tofar da yawu, da wadda ta sassauta ɗaurin zane. A garinmu ba a faɗin ciki. Mai shi ba ta faɗa, uwarta ba ta faɗa, wanda ya gani ma kau da kai yake yi, saboda tsoron baki. Abiti Makwinja ba ta taɓa karya wannan ba. Iyakarta ta yafito yarinya ta ce, "Ke, zo ki kama mini bokitin nan." In ta matso sai ta yi ƙasa da murya.

"Kawunki yana gari, ko ya bi 'yan'uwansa?"

Daga jin haka yarinya ta san an gano ta.

"Anganga, kakarmu, ni fa tuwo ne ya yi mini yawa jiya."

"To, Allah ya raya tuwon. Ranar Talata ki same ni a bakin gada mu je a auna shi."

A ƙarshen watan nan za ta ajiye wannan aiki. Ba wanda ya ɗauke ta, don haka ba wanda zai sallame ta. Gwiwa ce ta yanke hukunci, ido kuma ya mara mata baya. Ba za a yi taro ba, don ta ce ba ta so. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Tambayar da take yi wa 'yan matan, ita ce dukkan aikinta. A wajenmu miji ba shi ne mai magana a kan haihuwa ba. Shi ya taro gidan matarsa, ya gina ɗaki a filin surukai, yana noma gonarsu. Ana ganin girmansa, amma 'ya'yan na dangin uwa ne. In naƙuda ta yi tsanani, ba a fitar da mace daga gida sai da yawun babban namijin ɗakin uwarta. A da wannan ba wahala ba ce, don kawu yana bayan danga, kira ɗaya zai amsa. Yanzu kawunnan Litumbe suna Joni, can Afirka ta Kudu, suna gadi, suna yankan ciyawa a gidajen mutane, suna ɗinki a shagunan da ba taga. Sun bar mana ɗakunan kwano masu kyau da ba kowa a ciki. Mace na fama a kan tabarma, tsofaffi na zaune a ƙofa suna jiran maganar mutumin da ke wata ƙasa.

Abiti Makwinja ba ta yi faɗa da al'adar ba. Ba ta taɓa cewa maganar kawu banza ce ba. Abin da ta yi shi ne ta riga naƙuda zuwa wajen kawu.

Duk ranar da a-kori-kura za ta kwashi masu tafiya zuwa Mangochi su hau doguwar mota, tun da hantsi tana bakin hanya. Ba ta zuwa ita kaɗai. Takan jawo na'ibin liman, da wata dattijuwa daga ɗakin mai tafiyar, don kada gobe a ce ba a yi ba. Mutane da yawa suna tuna ranar da ta tare Che Ajusa tela (Che a wajenmu kamar Malam ne). Ya riga ya hau, ya zauna a kan jakarsa yana ɗaga wa mutane hannu.

"Ajusa, sauko."

"Inna, mota za ta tashi."

"Direban nan a gabana aka yanke masa cibiya. Ba inda za shi. Sauko."

Ya sauko yana kaɗe wando.

"'Ya'yan ƙanwarka mata ka bari a gida, babbar ta yi aure bara. In ranar ta zo, wa za mu tambaya?"

"Ai akwai waya, Inna."

"Wayarka? Da uwarka ta faɗi a gona, ba mu yini muna kiranka wata Baturiya tana ba mu haƙuri ba? Ita za mu tambaya?"

'Yan cikin mota suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ajusa, ashe ka yi aure a can ba ka faɗa ba!"

"To me kike so in ce?"

"Ka faɗa a gaban waɗannan. Duk 'yar ɗakinku da ta samu ciki, ta je awo. In wata ya kama, ta tare a gidan jira na asibiti. In likita ya ce wuƙa, a sa wuƙa. Ba sai an nemo ka ba."

"Haba Inna, kin fara da awo kin ƙare da wuƙa."

"Kai ba kullum kake tsaga yadin mutane ka mayar ka ɗinke ba? Su ma sun iya ɗinki. Sun ma fi ka, don nasu ba ya warwarewa ranar Sallah."

Ya faɗa. Ta ce ya maimaita, wai kunnen na'ibi ɗaya ne ke aiki. Ya maimaita da ƙarfi, har da ɗaga hannu. Sai ta damƙa masa gyaɗa soyayya a ƙullin leda, ta ce, "Allah ya kai ka, ya dawo da kai. Ka riƙa cin abinci." Ta ƙara masa wani ƙullin, ta faɗi wata magana a hankali wadda na kusa kawai suka ji.

Bai shekara da tafiya ba babbar 'yar ƙanwarsa ta haihu. Jini ya ɓalle mata bayan haihuwar. A gidan jira take, ɗaki biyu tsakaninta da nas. Yau tana sayar da kifi a kasuwar Laraba, 'yarta tana makaranta. Che Ajusa bai ji labarin ba sai bayan mako guda, don wayarsa tana hannun mai gyara.

Da farko ita kaɗai ce. Maza suna ganin ta sai su zagaya ta bayan masallaci su tari mota a gaba. Ta gane, ta fara aika musu tun daren jajibiri cewa ta san hanyar bayan masallaci. A hankali abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsofaffin da ke yi wa mai cikin fari waƙar gargaɗi a ɗaka suka ƙara baitoci a kan kumburin ƙafa, da ciwon kan da ba ya sauka, da jinin da ba a ɓoyewa ko da cokali ɗaya ne. Masu keken haya suka shirya tsakaninsu cewa ko ranar kasuwa ce ɗaya zai zauna a gari, don kada a nemi mai kai mace asibiti a rasa. Liman ya fara tambayar duk wanda ya zo neman addu'ar tafiya, "Ka ga Abiti Makwinja?" Mata suka riƙa haɗa garin masara da busasshen kifi ana kai wa masu zaman gidan jira, don yunwa ce ta fi koro su gida. Ranar riga-kafi kuwa, ba a buƙatar mai shela. Takan tsaya a tsakiyar gari ta riƙa kiran sunayen iyaye ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta fito ba sai ta ji an ambaci sunan uwarta.

Nas Kachingwe, wadda ta daɗe a ƙaramin asibitinmu, ta ce mini, "Ni ina iya tsayar da jini. Ban iya shigo da mace ta ƙofar nan ba. Wannan ita ce."

Ke ce, Abiti Makwinja. Ke ce mai tsayar da mota da murya. Ke ce kika bi rana kika bi ruwa a kan 'ya'yan da ba ke kika haifa ba, aka zage ki a bayan ido, aka ce kina ƙirga cikin mutane, kika ji kika ci gaba da ɓarar gyaɗarki. Shekarun da na yi ina karatu a Khartum, kusan duk kiran da ya zo daga gida yana ƙarewa da sunan wata da muka taso tare, a ce ta tafi wajen haihuwa. Da na dawo na tarar irin wannan labari ya yi ƙaranci. Na tambayi dalili, aka nuna mini ke a kan kututture.

Akwai abin da duk Litumbe ta sani ba ta faɗa. Na tambaye ta ko in rubuta. Ta kalli hanya, ta ce, "Rubuta. Wataƙila a can suna karatu."

Mutum ɗaya ne a garin nan ba ta karɓi maganarsa ba. Ƙanenta ne, Che Twaibu.

Su uku uwarsu ta haifa: Dunia babba, sai ita, sai Twaibu auta, namiji tilo. Ita ta goye shi. Ita ta koya masa cire ƙayar kifi. Yana cikin na farkon da suka tafi Joni, kuma a wancan lokacin yakan zo bayan shekara biyu da bargo da rediyo da ƙaryar birni, a kewaye shi ana saurare. Yana can 'yar Abiti Makwinja ta fari, Sigele, ta fara naƙuda a tsakiyar bazara. Naƙudar ta ƙi gaba. Ba wayar hannu a lokacin. Sai an hau keke an je shagon wani Ba'indiye a bakin titi an buga, a bar saƙo a gidan da yake kwana, a jira ya taso daga aiki. Dunia ta ce a jira maganar Twaibu. Aka jira. Maganarsa ta zo, ya ce a kai ta maza. Amma ta iso ne ranar sadakar ukun Sigele.

"Ni ma na jira," in ji Abiti Makwinja. "Kanta yana kan cinyata ina jira. Ba wanda ya ɗaure ni."

Tun daga ranar Twaibu bai sake taka garin nan ba. Uwarsu ta rasu, bai zo ba. Yana aiko bargo a hannun masu dawowa, kowace shekara, har barguna sun cika mata akwati, amma ba ya haɗawa da ko gaisuwa. Da wayoyi suka shigo, lambarsa ba ta ɓuya ba, rabin mazan garin suna da ita. Bai kira ba, ba ta kira ba. Shi yana ganin ba za ta iya jin muryarsa ba. Ita tana tsoron ta kira ya kashe. Ƙulli na biyu da take ba kowane matafiyi nasa ne, maganar da take faɗa a hankali kuwa ita ce, "In ka ga Twaibu." In mutum ya dawo, kafin ya sauke jaka ta iso.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna."

"Ya yi furfura?"

"Kansa fari fat."

"Yana tari har yanzu?"

"Yana yi, amma da sauƙi."

"Ya tambaye ni?"

A nan masu kirki sukan yi ƙarya. Tana ganewa, takan yi musu godiya.

Allah bai ba ta ɗa namiji ba, haka ma Dunia. Don haka har yau Twaibu ne mai maganar ɗakinsu. Haihuwar da aka yi a ɗakin bayan Sigele duk a birni aka yi su, inda ba mai tambayar kawu, shi ya sa maganar ta kwanta shekara da shekaru. Sai bara ta tashi. Jikarta Awetu, wadda ta girma a hannunta ta yi aure a nan gari, ta samu cikin fari. Da ciki ya tsufa, Nas Kachingwe ta lalluba, ta sake lallubawa, ta kira kakar gefe. Ɗan ya kwanta a gicciye, kuma bai da alamar juyawa. Ta ce wannan ba na nan ba ne, a kai ta babban asibiti tun kafin ciwo ya taso, don da wuya a rabu ba tiyata.

Abiti Makwinja ta dawo gida ta fara haɗa kaya: zannuwa, tukunya, gari, fitila. Tana ɗaure ƙunshin ta ga inuwa a ƙofa. Dunia ce, ta dogara sanda, ta zauna a kan dokin ƙofa ta cika shi.

"Ina zuwa?"

"Kin sani, Yaya."

"Wa ya ba da magana?"

"Yaya, ke ma?"

"Ni ma. Kin tsayar da mazan garin nan a bakin hanya kamar ɓarayin akuya, kin sa sun ɗaga hannu a gaban na'ibi. Naki ƙanen fa? Shi ba kawu ba ne?"

Ba Dunia kaɗai ke tambaya ba. Da safen nan a famfo wata ta ce, a kan iska, "Bari mu ga ko dokar tana shiga gidan mai ita." Abiti Makwinja ta ji, kuma ta san gaskiya ce. Abin da ya sa tsofaffi suke sakar mata jikokinsu, abin da ya sa maza suke saukowa daga mota, abu ɗaya ne: ba ta taɓa tsallake kawu ba. In ta tsallake nata, gobe za a ce ashe maganar ba ta da amfani, wasa da hankali ne, kuma ashe burinta tun farko shi ne ta ƙwace mata daga hannun danginsu. Daga ranar ba wanda zai sake saukowa, ba tsohuwar da za ta sake buɗe mata ƙofa.

"Ki ji da kyau," ta ce wa yayarta. "Ko ya ce a'a, ko bai ɗauka ba, zan kai yarinyar nan. Na riƙe kai ɗaya a cinyata, ba zan riƙe na biyu ba."

"In kin kai ta haka, aikinki ya mutu."

"Na sani."

Dunia ta kalli sandarta. Ta ce, tana kiranta da sunan yanka, "Ni na ce a jira a wancan karon. Ba ki taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa mantawa ba. Yau ba jira na ce ba, Lukiya ƙanwata. Kira na ce."

Bayan la'asar suka hau tudun da ke bayan makaranta, don nan ne waya ke kamawa sosai. Tsofaffi biyu suna jan ƙafa, Awetu tana tafe tana nishi, na'ibi yana bayansu. Che Ajusa, wanda ya zo hutu a lokacin, shi ya ba da wayarsa, ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Inna, yau dai ba Baturiya." Ba wanda ya yi dariya.

Ta yi ƙara, ta sake yi. Sai aka ɗauka. Muryar tsoho ce, mai kaushi, da hayaniyar motoci a bayanta.

"Ajusa? Lafiya?"

Abiti Makwinja, wadda muryarta ke tsayar da mota, ta buɗe baki ba abin da ya fito. Dunia ta mintsine ta a hannu.

"Twaibu."

Hayaniyar motocin kawai ake ji. Har Ajusa ya leƙa ya ga ko ta yanke.

"Yaya Lukiya?"

"Ni ce."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Shi ya sa na kira."

Ta faɗa masa a taƙaice, yadda take faɗa wa kowa a bakin hanya. Jikarta ce, sunanta Awetu, bai san ta ba. Ɗa ya gicciye. Ana so a kai ta babban asibiti, wataƙila a sa wuƙa. Ga na'ibi, ga Yaya Dunia. Maganarsa take nema.

"Maganata?" Ya yi tari mai tsawo. "Kin manta abin da maganata ta yi?"

"Ba abin da ta yi. Latti ta yi. Yau da sauran lokaci."

"Ku kai ta. Ku kai ta gobe, ku kai ta yanzu. Me kuke jira?"

Dunia ta sunkuyo kan wayar. "Kai muke jira, sakarai, tun kaina yana baƙi."

Aka ji wani sauti daga can, ba a san dariya ce ko kuka ba. Da ya dawo daidai ya ce, "Na'ibi yana nan? Malam, ka shaida. Ita da duk wadda za ta zo bayanta a ɗakinmu. Kada a sake nemana a kan wannan. Abin da Yaya Lukiya ta ce, ni na ce."

"Na shaida," in ji na'ibi.

Awetu ta matso ta ce, "Kaka, an ce kai mijina ne na fari, amma ko sabulu ban taɓa gani ba."

"Wace ce wannan marar kunya?"

"Amaryarka ce. Sai bargo kake aikowa, ka ɗauka a ƙanƙara muke kwana?"

Wannan karon dariya ce, kowa ya ji. Aikin da ya kawo su ya ƙare. Na'ibi ya juya zai sauka, Ajusa ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa, amma Abiti Makwinja ba ta saki ba.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Tarin fa?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa."

Sai ta ce, "Twaibu, yaushe..." Ba ta ƙarasa ba.

"Hanyar ta yi tsawo, Yaya. Kuma ban san yadda zan wuce ta gaban makabartar nan ba."

"Yadda nake wucewa. Kullum nake bi ta nan in zan je famfo."

Suna jin numfashinsa har katin wayar ya ƙare.

Washegari da safe masu keke suka kai Awetu bakin titi, kakar tana biye a kan keke na biyu da tukunya a cinya. Sun yi kusan wata a gidan jira na babban asibiti. Ranar da ciwo ya fara, ba a tambayi kowa ba, aka wuce da ita ɗakin tiyata. Aka fito da 'ya mace, mai ƙarfin kuka. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Da suka dawo, matar da ta yi habaici a famfo ita ta fara kawo itacen wanka.

A makon da ya biyo mota ta zo ɗaukar masu tafiya. Abiti Makwinja ba ta je ba, tana wajen mai jego. Na'ibi ya ce samari biyu sun same shi da kansu, kowa da dattijuwar ɗakinsu, suka faɗi maganar kafin su ɗora jaka.

Yanzu aikin yana hannun mata da yawa. Sun raba unguwanni, sun raba ranakun famfo, kuma akwai maza da ke taya su. Ba su kai ta kaifin ido ba, ba su kai ta kaifin baki ba, amma suna da ƙafafu. Ta ce hakan ya isa.

Mun gode, Abiti Makwinja. Godiyar ta matan da ke raye ce, da yaran da suka san fuskar uwayensu, da mazan da suka dawo daga Joni suka tarar da goyo maimakon kabari. Ba mu da abin ba ki da ya kai wannan, kuma ba ki tambaya ba. Allah ya sassauta miki gwiwa, ya ƙara miki kwana, ya jiƙan Sigele.

Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da mutumin da ake jira ya ce a tafi asibiti. Wani wuri kawu ne, wani wuri miji ne, wani wuri uwar miji. Ku san shi, ku same shi tun ciki yana ƙarami, ku sa ya faɗa a gaban mutane. In kai ne mutumin, kada ka bari a zo nemanka. Ba sai da takardar makaranta ake yin wannan ba.

Che Twaibu yana kira yanzu, kusan kowace Juma'a. Ya ce zai zo bayan damina. Damina ta wuce, an cire masara. Ya ce bayan azumi.

In wannan ya isa gare ka, Che Twaibu, ga halin da ake ciki. An raɗa wa yarinyar suna a masallaci, amma sunan gida, wanda babban namijin ɗaki ke bayarwa yana riƙe da jariri a hannu, ba a ba ta ba. Ka ce za ka faɗa ta waya, kamar yadda ka faɗi waccan. Ina wurin lokacin da yayarka ta amsa maka. Matar da ta ƙarar da ƙarfinta tana hana garin nan jira ta ce, "A'a. Wannan ba ta waya ake yi ba. Wannan za mu jira."

Yarinyar ta fara rarrafe. Idon yayarka Lukiya yana raguwa. In kana so ta gane ka daga nesa, kada ka wuce bana.